Noti huɗun da na raina a shagon Oga

A shekarata ta biyu a shagon gyaran na'urori na Oga da ke Tudun Wada a Kaduna, wani dattijo ya sauko daga Keke Napep da wani baƙin akwati, shi da direban suna ta nishi. Daga Sabon Tasha ya taso. Shi ke kaɗa jita a cocinsu tun zamanin da masaƙun Kakuri ke busa jiniya. Akwatin kuwa amfilifaya ce, wato na'urar ƙara sautin jita, Fender Twin Reverb mai farar fuska, irin waɗanda kamfanin ya fara fitarwa a ƙarshen shekarun 1960, bayan CBS ta saye shi a 1965. Lasifikarta biyu masu inci 12, nauyinta ya kai kilo 30. Kukan dattijon shi ne da zarar ya taɓa igiya mai kauri sai ta kama ɓarari, ga kuma wani gurnani da ke zuwa yana ɗaukewa.

Ni lokacin kaina hayaƙi yake yi. Na iya karanta mita, na iya liƙin dalma, na ɗauka za a ce in buɗe in farauto kafasitar da ta mutu. Oga bai ko kunna ta ba. Ya zagaya baya, ya sa tafin hannu a ƙarƙashin casis ya ɗan ɗaga, sai ga ta tana rawa. Ya ce, "Noti ne. Kai za ka yi." Raina ya sosu. Aikin ɗaure noti ai na sabon yaro ne.

Casis ɗin nan shi ne tiren ƙarfen da ke ɗauke da komai: taransifoma, wayoyi, da kwalaben da ake kira bawul. A irin wannan Fender ba zaune yake ba, rataye yake a rufin akwatin, kwalaben suna kallon ƙasa kamar jemagu. Abin da ke riƙe da shi dogayen noti huɗu ne da suka ratso katako daga sama, ta cikin wasu siraran ƙarafa biyu masu sheƙi, suka huda casis, aka ɗaure su ta ƙasa. Shi ke nan. Duk nauyin nan, da duk girgizar hanyar Sabon Tasha, a wuyan su huɗun nan yake. A ta dattijon, ɗaya ya ɓace, wani ya cusa wayar ƙarfe ya murɗe. Biyu sun saki. Na huɗun ya yi tsatsa har ya zama ɗaya da macensa, wato ƙaramin ƙarfen da ake murɗa masa ta ƙasa.

Kafin in taɓa komai Oga ya sa na sauke wutar da ke kwance a manyan kafasitoci, domin suna iya riƙe sama da bolt 400 ko an zare soket. Ya kuma sa muka kwantar da akwatin a gefe, hannuna ɗaya na tallafe da ɓangaren taransifoma. In ka kwance noti tana tsaye, ranar za ka ga casis ya rufto kan lasifika, kwalabe sun tarwatse, kuma manyan kwalabenta guda huɗu da ake kira 6L6 ba a shagon kan layi ake samun su ba. Mai tsatsar na ɗiga masa kananzir da ɗan baƙin mai, na so in murɗa nan take, Oga ya ce in bar shi ya kwana. Da safe ya biyo ni salin alin.

Ɓarnar da na yi ta zo ne a kan mata. Macen noti biyu sun cinye, sai na hau mashin zuwa Tsohuwar Panteka da namijin a aljihu. Mai shago ya gwada wata, ta shiga zagaye ɗaya da rabi, ya ce ita ce, sauran aikin na sifana ne. Na dawo na ɗora. Ta cije a zagaye na biyu, na ce tsufa ne, na ƙara ƙarfi. Ta tafi da kyar, tana tafiya ina jin daɗi, a raina ina cewa wannan ko girgizar ƙasa ba ta kwance ta. Sai kawai na ji sifana ta yi sakwaf a hannuna. Da na zaro, haƙoran namijin sun kwanta sumul, garin ƙarfe ya cika mini yatsa. Notin da ya shekara kusan hamsin lafiya lau, na kashe shi cikin minti biyar.

Oga bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya ɗauko namijin Fender mai lafiya da wani na kasuwa, ya haɗa haƙoransu ya ɗaga wajen hasken ƙofa. Uku na farko sun zauna cikin juna, daga nan suka fara hawa kan juna. Na Amurka awon inci ne, ana ce masa 8-32, wato haƙora 32 a kowane inci, tazarar kowane biyu kusan milimita 0.79. Wanda na sayo awon milimita ne, M4, tazararsa 0.7. A ido tagwaye ne. Ya ce, "Noti in naka ne, yatsa ke kai shi gida. Sifana ta gaisuwar ƙarshe ce kawai."

Na yi ta mamakin abin da ya sa bai hana ni ba, alhali yana zaune yana kallona ina kokawa da sifanar. Har yau ban tambaye shi ba.

Daga ƙarƙashin benci ya jawo wani tsohon gwangwanin madara, wanda na sha share ƙura a kansa ina yi masa kallon tarkace. Cike yake da notin da ya ciro daga matattun rediyoyi da na'urori tun ban zo duniya ba, an ƙulla su kashi kashi a leda: na Amurka daban, na tsohon awon Ingila daban. Muka sami mata masu kyau. Dogon namiji mai tsawon sama da inci uku ne babu. Nan ya nuna mini cewa awon kasuwa ba haramun ba ne. Tunda a wannan ƙirar namijin ratsawa kawai yake yi ta rami, ana iya sa M4 namiji da mace tare, da washa mai haƙora don kada girgiza ta kwance su. Abin da ba a yi shi ne auren dole tsakanin awo biyu. A amfilifayar kamfanin Marshall ba ka da wannan sauƙin, domin can macen maƙale take a jikin casis cikin wani ɗan keji, kuma in ka danna da ƙarfi ta faɗa ciki, ka bar ƙarfe yana yawo tsakanin wayoyin wuta.

Ramin da wayar nan ta yi shekaru tana ci ya zama kamar bakin tulu. Wani ɗan koyo da ke tare da mu ya ce a cika shi da tsinken ashana da gam. Dabarar tana yi a ƙaramin sukurun murfin baya, amma ba a wurin da ke ɗaukar nauyi ba. Na faɗaɗa ramin, na fiƙe turken katako daidai shi, na shafa gam ɗin kafinta na buga, ya kwana, sannan na huda sabo. Wajen ɗaurewa ma sai da Oga ya riƙe mini hannu. Katakon nan mai laushi ne, in ka matse fiye da kima sai ƙarfen sama ya lotsa ya nutse cikin fatar akwatin. Kaɗan a wannan kusurwa, kaɗan a waccan, har su huɗun su ɗauki kaya daidai.

Da muka kunna, ɓarari ya tafi, wannan na sa rai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne gurnanin ma ya ɗauke, ban taɓa waya ko ɗaya ba. Ashe a cikin rufin akwatin akwai wata ragar ƙarfe da ke rufe bakin casis, tana tare hayaniyar wutar da ke yawo a iska. Sai casis ya manne da ita take aiki. Da noti suka saki, sai ya riƙa taɓa ta yana saki, gurnani na zuwa yana tafiya. Da an bar ni da mitata, da na canza kafasita uku na caji bawan Allah kuɗin banza.

Tsofaffin notin, har da wanda na kashe, Oga ya sa na ƙulla a leda na maƙala a cikin akwatin, ya kuma gaya wa dattijon da bakinsa cewa ɗaya yaronsa ne ya lalata, ya rage masa kuɗi. Ya ce, "Baba, in hunturu ya wuce a dawo mana da ita, katako zai tsotse." A watan Maris ya dawo a Keken nan dai. Na sa sifana, biyun da ke ɓangaren taransifoma kowanne ya karɓi rubu'in zagaye.