Na ga murjani da ransa a ƙasan Bahar Maliya

Mu da muka taso a Tudun Wadan Zariya ruwan da muka sani shine Kubanni da Galma sai kududdufan damina, ruwa ja wanda in ka tsoma hannu ba ka ganin yatsunka, kuma duk yaron da aka kama ya je wanka can to ranar jikinsa zai gaya masa. Shi yasa da na je Masar duba ƙanina da ke karatu a Alƙahira yace Yaya mu je Hurgada ka shiga ƙasan teku, sai da na yi kwana biyu ina juya maganar kafin na amsa.

Kusan awa shida muka yi a bas kafin mu isa Hurgada, wani gari a bakin Bahar Maliya. Washegari jirgin ruwa ya fita da mu, mai koyarwar wani Balarabe ne mai haƙuri ya ɗaura min silindar iska a baya, ga ɗamarar darma a ƙugu, gilashin fuska da takalmi kamar ƙafar agwagwa. Abu ɗaya yayi ta nanatawa, kar ka kuskura ka riƙe numfashi musamman in kana tasowa sama, saboda iskar da ke huhunka buɗewa take yi tana iya yi maka illa. Sannan ɗaga babban yatsa a can ba yana nufin lafiya lau ba, yana nufin a hau sama. Ruwan kuwa gishirinsa har ɗaci yake, don Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, wajen giram 40 a lita ɗaya.

Mita biyu kacal kunnena ya fara zafi kamar ana soka min tsinke, na toshe hanci na hura a hankali yadda aka koya min sai naji ɓus ya buɗe. A mita 10 nauyin da ke danne mutum ninki biyu ne na wanda muke ji a doron ƙasa, mu sababbi ba a wuce mita 12 da mu.

Wallahi abin da na gani har yau in na rufe ido yana dawo min. Shiru, ba ka jin komai sai numfashinka da wani ƙas-ƙas, ashe wani kifi ne mai baki kamar na aku yake gatsar dutsen murjani, yana niƙawa yana kasayar da shi farin yashi a gabana. Ga ƙananan kifaye ruwan lemo kamar an watsa gero, ga wani mai dogayen ƙayoyi da malamin ya ja ni baya yana kaɗa yatsa don dafi ne da shi, can sai ga kunkurun ruwa ya wuce mu a natse ko kallo ba mu ishe shi ba.

Amma murjanin ne ya tsaya min a rai. Ni duk rayuwata na ɗauka dutse ne, irin jan nan da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya da hannu, wanda muke jin sunansa a Suratur Rahman. Ashe halitta ce mai rai, wasu mitsi-mitsin dabbobi ne suke gina gidansu na farar ƙasa ɗaya kan ɗaya, wani nau'in a shekara guda da ƙyar yake ƙara santimita ɗaya. A cikin jikinsu akwai wani ɗan gansakuka da ke ba su abinci da launi, in ruwa yayi zafi da yawa sai su kore shi su koma fari fat, in abin ya daɗe su mutu. Na ga wani reshe a karye inda ƙafar wani ta taka, raina ya ɓaci sosai, ginin shekaru kenan.

Da na dawo gida na nuna wa Hajiya bidiyon a waya, ta daɗe tana kallo tana Allahu Akbar, sai ta tashi ta buɗe adakarta ta ɗauko murjanin da ta gada wajen Inna. Nace mata wannan jan wani iri ne daban, mafi yawansa daga Bahar Rum ake ciro shi, amma shima da ransa yake kafin a yanko shi. Ta jujjuya shi a tafin hannunta tace, yanzu kai Baba wannan abin numfashi yake yi a da? Tace in sake kunna mata wajen kunkurun.