Tsakanin Silin da Dekin

Idan aka ce "bim" a wurin gini a Zariya, birkila da mai rodi za su ɗaga kai su dubi kankaren da ya ratsa daga fila zuwa fila. Injiniyan da ya taho da kwamfuta kuwa wani abu daban yake nufi, wato BIM: gina bene sukutum a cikin kwamfuta kafin a haƙa harsashinsa, inda kowane bango da bututu da ƙofa ke ɗauke da girmansa da kayan da za a yi shi da su. Ma'anonin biyu ba su yi nisa da juna ba, domin yawancin rigimar da samfurin kwamfuta ke tonowa a ƙarƙashin bim ɗin birkila take.

A ɗauki benen asibiti ko ɗakin gwaje-gwaje irin waɗanda ake ginawa a Shika ko Samaru. A ce daga daɓen hawa ɗaya zuwa na sama milimita 3600 ne. Dekin ya ci 150, daɓe da tayil sun ci 50, saura 3400. Bim ya sauko 450 ƙasa da dekin, saura 2950. Mai zanen gini yana son silin a 2700, silin ɗin da maratayansa su ma sun ci kusan 50. Abin da ya rage a ƙarƙashin bim 200 ne kacal. To ga injiniyan sanyi ya zana bututun iska mai zurfin 300, an naɗe shi da abin tare zafi na 25 sama da ƙasa, ya zama 350. A takarda kowa zanensa daidai ne, kowa ya buga hatiminsa. Sai an ɗora zanen wannan a kan na wancan a ga 350 ba ya shiga 200.

Bututun bayan gida ya fi wannan taurin kai. Ruwan famfo ana iya lanƙwasa bututunsa ya kewaye bim, wayar wuta ma haka, amma na ƙazanta gangara yake bi. Bututu mai faɗin 110 da aka ba shi gangarar 1 cikin 40 yana sauka milimita 25 a kowace mita, a mita 8 ya sauka 200, ban da kaurin kansa. Masu zane da yawa sukan ja shi a miƙe a cikin samfurin saboda gaggawa, manhaja ta ce babu karo, ranar da fulamba ya zo da ma'auninsa bututun ya ɓullo ta ƙasan silin. Shi ya sa a taron daidaita zanen injiniyoyi ake fara ba bututun gangara hanya, sai manyan bututun iska, sai na ruwan kashe gobara da na famfo, titin wayoyi a ƙarshe. Ƙarami ke kauce wa babba, mai lanƙwasuwa ke kauce wa wanda ba ya lanƙwasuwa.

Kafin a zo nan ma akwai tushe. Dole kowane ofishi ya fara zanensa daga ɗigo guda da aka yarda da shi, da arewa guda, da tsayi guda da za a kira sifiri. Zariya tana shiyya ta 32 a tsarin UTM na lambobin taswira, kuma lambar arewarta ta haura mita miliyan ɗaya. Revit, ɗaya daga manhajojin BIM, ba ya jure a aza gini nesa haka da cibiyarsa, layuka sukan fara rawa, awo ya riƙa zamewa. Daidai shi ne a zana ginin kusa da cibiya, a ɗaura lambobin safiyo a kan ɗigon safiyo. A kuma tambayi safiyo baki da baki: da ma'aunin Minna, tsohon tsarin awon ƙasa na Najeriya, ya auna, ko da WGS84 na na'urar GPS? Tsakaninsu akwai tazarar mitoci gommai, wadda ta isa ta jefa kwalbati cikin filin maƙwabci.

Wani abin da ake rainawa shi ne bulo. Manhajojin nan suna zuwa da bangon da aka tsara wa ƙasashen da aka ƙirƙire su, sai matashi ya zaɓi bango mai kaurin 200 ya zana bene gaba ɗaya. Bulonmu na inci tara 225 ne, idan aka yi masa filasta ciki da waje ya doshi 250. A falo ba wanda zai lura. A ramin da bututu ke hawa, ko a banɗaki mai faɗin 1200, wannan 50 ɗin ita ce za ta hana ƙofa buɗuwa, kuma lissafin mai ƙididdigar kaya ya taso da kuskure tun daga gindi.

Idan an haɗa samfuran a manhajar Navisworks ko Solibri aka danna binciken karo, karon farko yakan fito da dubbai. Sabon shiga sai ya buga su duka ya kai taro, mutane su yi ta hamma. Mafi yawansu ba komai ba ne: bututu ɗaya da ya ratsa bangon bulo ashirin, ko fitila da ta taɓa silin ɗin da ake son ta taɓa. Gwanintar tana wajen tankaɗe. A gwada kankare da bututun ƙazanta tukuna, sannan kankare da na iska, a tara masu asali ɗaya su zama matsala guda, kowace a rubuta sunan mai gyara ta da ranar gamawa. Akwai kuma karon da babu abin da ya taɓa wani: bawul da aka manna wa bango har sifana ba ta shiga, ko allon wuta da aka gitta wa bututu a gaban ƙofarsa. Manhaja ba ta ganin wannan sai an zana mata filin da hannun mai gyara ke bukata.

Kwamfuta dai tana nuna karo, ba ta raba gardama. Ko a sauke silin, ko a baje bututun iska ya yi faɗi ya rage zurfi, ko a huda bim, kowanne akwai mai asara. Huda bim hurumin injiniyan ƙarfin gini ne shi kaɗai. Shi zai ce wajen tsakiyar zurfinsa, nesa da bakin fila inda ƙarfin tsagewa ya fi yawa, ya ƙara rodi a kewayen ramin, a dasa hannun riga, wato guntun bututu mai faɗin 160, domin bututun 110 kafin a zuba kankare. In an makara, abin da ke biyo baya kowa ya sha gani: lebura da guduma da kurfi yana fasa bim ɗin da bai cika wata ba, rodi a tsirara.

Birtaniya ta wajabta tsarin BIM a ayyukan gwamnatinta tun 2016, ƙa'idar ISO 19650 kuma ta fito a 2018. Abin da ya fi amfani a cikinta mai sauƙi ne: kowane fayil ko ana kan aikinsa, ko an raba shi don a duba, ko an amince a gina da shi, ko ya shiga ma'ajiya. A nan WhatsApp ne ke rusa wannan, domin zane uku masu suna ɗaya na yawo a wayoyi, kafinta yana kafa katako da na watan jiya. Haka kuma fayil ɗin da aka adana da sabon Revit ba ya buɗuwa a tsoho, don haka a tsayar da Revit na shekara guda tun ranar farko, mai manhajar ArchiCAD ko Tekla kuma ya riƙa fitar da nasa a tsarin IFC da manhajoji daban-daban ke iya buɗewa. Fayilolin suna da nauyi, ga halin wuta da intanet, gara a sa rana ɗaya a mako da kowa zai ɗora nasa, a yi taro washegari.

Ɗaliban gini na Jami'ar Ahmadu Bello suna fitowa da hannu a manhaja, sai dai foman ba da kwamfuta yake hawa dekin ba. Kafin kowace zuba, a buga masa takardar A3 ta wannan yanki kaɗai, kowane rami da faɗinsa da nisansa daga layin fila mafi kusa. Ana gobe za a zuba, a hau da tef da fulamba da mai wuta, a ƙirga hannayen riga ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure su da waya a jikin rodi, a toshe bakinsu da takardar buhun siminti don kada kankare ya cika su.