Tafin da muka yi wa Bare

Asabar ce, 27 ga Janairun 1996, ana cikin azumi. Ina ɗan lakwal a Maraɗi, babana kuwa mushe ne, wato malamin lakwal. Bayan an sha ruwa ya kafa rediyonsa a kan tabarma, Muryar Sahel sai kiɗan soja take sakawa. Can aka ce Kanar Ibrahim Bare Mainasara ya karɓi mulkin Nijar. Ba zan ɓoye ba, a unguwarmu tafi aka yi, har da ni da ban san hawa ba ban san sauka ba.

Mutane sun gaji ne. Kusan shekara guda Mahaman Usman yana shugaban ƙasa, Hama Amadu yana faraminista, kowa na jan igiya zuwa gefensa, har taron ministoci ya zama abin rigima. Ƙasa ta tsaya cik. To ga wani soja mai magana a natse ya ce gyara ya zo yi.

Ba kuma baƙo ba ne a fada. Shi ne dogarin shugaban ƙasa Seyni Kunce bayan juyin mulkin 1974, ya riƙe rundunar masu saukar laima, ya yi ministan lafiya, ya yi jakada a Aljeriya. Asalinsa Bamawri ne daga yankin Dogondutsi. Wani abin dariyar, a zamanin gwamnatin Hama aka ɗora shi kan shugabancin rundunar soja a 1995, shekara ba ta cika ba ya kwashe su duka.

Abin da har yau bai bar raina ba shi ne watan Yulin 1996. Bare ya tuɓe kaki ya tsaya takara. Aka yi zaɓe ranakun 7 da 8, babana ya dawo da tawada a yatsa yana ta fara'a. Ana tsakiyar ƙidaya sai aka rushe hukumar zaɓe ta CENI, aka kafa wata sabuwa nan take. Abokan takararsa huɗu, Usman da Tanja da Isufu da Jarmakoi, aka tsare kowa a gidansa. Sabuwar hukuma ta ce Bare ya ci da kashi 52 cikin ɗari, ba sai an je zagaye na biyu ba. Babana ya kashe rediyo, ya ce da ni: "Kai yaro, ɗauko mini buta." Abin da ya faɗa ke nan kan zaɓen, kuma ban sake ganin ya je rumfa ba sai bayan shekara uku.

Sauran mulkin ni bashi nake tunawa. Albashin ma'aikata yana yin watanni bai zo ba, yajin aiki yau, yajin aiki gobe, mu 'yan lakwal muna yawo da jaka ba darasi. Wani mai shago a bakin layinmu yana da littafi guda na gidanmu kaɗai: gero, suga, kalanzir. Sojoji ma sun yi bore a 1998 kan kuɗinsu. An kafa wa Bare jam'iyya, RDP-Jama'a, an yi ta rawa da zane mai hotonsa, amma a zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairun 1999 'yan adawa suka yi gaba, Kotun Ƙoli ta soke sakamako a wurare da dama.

Ranar Juma'a 9 ga Afrilun 1999, a filin jirgin Yamai, masu tsaron lafiyarsa suka buɗe masa wuta yana shirin shiga jirgi mai saukar ungulu. Faraminista Ibrahim Hasan Mayaki ya fito ya ce hatsari ne. Hatsari! Bayan kwana biyu Manjo Dauda Malam Wanke, shugaban dogaran fadar, ya hau kujerar.

Ba na cikin masu kewar Bare, sai dai kisan ya yi muni, kuma iyalinsa sun yi shekaru suna neman a bincika. Kundin tsarin mulkin 1999 ya yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin 1996 da na 1999 a lokaci guda, wato shi da waɗanda suka harbe shi. Wannan karon a unguwarmu ba wanda ya tafa, babana dai ya yi masa addu'a bayan sallar magariba, sannan ya aike ni wurin mai shago.