Abin da nake dubawa a baƙin mai kafin in yi juye

Motar haya nake ja tsakanin Kano da Katsina, kuma ba na tayar da inji da safe sai na zaro sandar gejin baƙin mai. Motar tana tsaye a wuri mai daidai, in goge sandar da tsumma, in mayar har ƙasa, in sake zarowa. In kuwa daga tafiya na dawo, sai in bar ta kamar minti 10 man ya sauka. A yawancin ƙananan motoci, tsakanin alamar ƙasa da ta sama a jikin sandar kusan lita 1 ne.

Direbobi da yawa a tasha, da sun ga mai ya yi baƙi sai su ce ya mutu. Ni ban yarda ba. Aikinsa ke nan ya wanke dattin inji ya riƙe shi, dole ya canza launi. Na injin dizal ma yakan yi baƙi ƙirin jim kaɗan bayan juye, alhali da sauran ƙarfinsa.

Yatsuna da hancina na fi amincewa da su. Ina murza ɗigo ɗaya tsakanin babban yatsa da manuniya. In ya yi santsi, lafiya. In na ji tsakuwa-tsakuwa, ƙura ta shiga ko ƙarfe na cin ƙarfe. In ya tsinke kamar ruwa yana warin fetur, to fetur na zubowa ciki, kuma juye kaɗai ba zai magance shi ba. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ya koma kalar shayi da madara, domin ruwan lagireto ne ya haɗu da shi, galibi gaskit, wato abin da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone. Na taɓa ganin haka, ko ɗaukar fasinja ban yi ba, na kira makanike. Ya ce, “Maigida, da ka kama hanya, da sai dai a sauke inji.”

Amma akwai lalacewar da ido ba ya gani, shi ya sa nake bin lissafi. Man gama-gari mai lambar kauri 20W-50 ba na bari ya wuce kilomita 5,000 ko wata 6, duk wanda ya riga. Littafin wasu motoci ya ba da kilomita 10,000 da man sintetik, wato wanda aka harhaɗa musamman don ya fi daɗewa, sai dai littafin da kansa ya ce a rage idan ana shiga ƙura, zafi da cunkoso. Mu kuwa ga hunturu, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40.

Duk juye sai na canza filta, domin tsohuwar na riƙe da gurɓataccen mai. Ba na sayen man da aka ɗura a gorar ruwa a bakin titi, sai galan mai hatimi, a buɗe a gabana. Da an gama, in rubuta kilomita da kwanan wata a takarda in manna a jikin ƙofa.