Vail, garin da makaranta ke ja

Da maigidana ya samu aiki a Tucson ta jihar Arizona, wata yayarmu da ta daɗe a Amurka ta kira ni ta ce, "Ƙanwata, kada ki tsaya ƙirga ɗakunan gida. Fara tambayar wace makaranta ce ke ɗaukar yaran layin." A ƙasar nan, galibi adireshinka ne ke yanke inda ɗanka zai yi karatu. Shawarar nan ce ta kai mu Vail, kudu maso gabashin Tucson, a gindin duwatsun Rincon.

Vail tsohon zango ne na jirgin ƙasa. Kamfanin Southern Pacific ya shimfiɗa dogo ta wurin a 1880, sunan kuma na wasu 'yan'uwa ne masu kiwon shanu. Asalin garin yana matse tsakanin layin dogo biyu: ga ƙaramar cocin Santa Rita da aka gina a 1935, ga tsohon gidan waya na tubalin ƙasa, wanda da a cikin birnin Katsina yake ba wanda zai waiwaye shi. A ƙidayar 2000 mutanen garin ba su kai 2,500 ba. Zuwa 2010 sun haura 10,000. Gundumar makarantun kuwa ta fi garin faɗi nesa ba kusa ba, don har unguwar Rita Ranch da ke cikin Tucson tana ƙarƙashinta.

Iyaye na zuwa saboda makarantun sun yi suna, masu gine-gine na biyo iyaye, sai azuzuwa su cika a sake gina wata. An buɗe sakandaren Cienega a 2001, Empire a 2005, Mica Mountain a 2020. Ita Empire har labarinta ya zaga ƙasar lokacin, don kwamfutar tafi-da-gidanka aka raba wa ɗalibai a maimakon littattafai. Maƙwabtanmu da dama sojojin sama ne na sansanin Davis-Monthan ko ma'aikatan kamfanin ƙera makamai na Raytheon, kusan kowa baƙo ne. Wannan ya sauƙaƙa mini, ba wanda ke yi wa wani kallon ɗan zuwa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kalandarsu. A watan Yuli ake komawa makaranta, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Tun da sassafe nake cika wa yara gorunan ruwa da ƙanƙara, mu tsaya jiran motar makaranta mai ruwan ɗorawa, iyaye kowa ya raɓe a inuwar katanga. Da yamma hadari ya taso, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, busassun kwazazzabai su cika cikin mintuna. Idan kuwa da mota kika kai yara kika yi rashin sa'a jirgin kaya na Union Pacific ya tare hanyar Colossal Cave, sai ki kashe inji ki yi ta ƙirga taragu. Ladan wahalar shi ne hutun da ake ba su a kaka, lokacin da gari ya yi daɗi.

Vail ba ta da magajin gari. An kaɗa ƙuri'ar mai da ita gari mai majalisar kansa a 2013 da 2023, duka aka ƙi. Don haka makaranta ce dandali, a can ake taro, a can ake gardama. Kuɗin sabbin gine-gine yakan fito ne daga bashin da mazauna ke amincewa da ƙuri'a, a biya ta harajin gidaje. Ni ba ni da ƙuri'a tukuna, amma harajin yana cikin kuɗin hayarmu, shi ya sa nake zuwa taron in saurara. Tsofaffin mazauna, masu dawakai da manyan filaye, suna ƙorafin ruwa da cunkoso, kuma a ganina suna da gaskiya: hamada ce, kowane sabon gida famfo ne. Sai dai ni ma ina cikin waɗanda suke kuka da zuwansu.

Juma'a sai mun shiga Tucson, masallacin da ke kusa da Jami'ar Arizona. Abincin rana kuwa daga gida nake haɗa wa yara saboda naman alade.

Yanzu hayarmu ta kusa ƙarewa. Maigida ya hango wani gida mai sauƙin kuɗi, na ce masa, "Baban yara, kafin ka sa hannu, bari in duba taswirar makarantu." Duk sanda aka buɗe sabuwar makaranta sai an sake shata iyaka, kuma babbar 'yarmu ba ta daɗe da samun ƙawaye ba.