Ranar da na shiga ta ƙofar gaba

Shekara takwas ina kai kayan miya wani gidan abincin Italiya da ke Victoria Island a Legas, amma ban taɓa shiga ta ƙofar gaba ba sai bara. Tamu ƙofar ta baya ce, can kusa da janareto, inda aka kafa sikeli. Nan muke tsayawa da ƙarfe bakwai na safe, babban kuku ya fito da farar rigarsa, ya ɗauki tumatir ɗaya bayan ɗaya, ya latsa, ya shinshina, ya ce wannan ya yi, wancan a mayar. Sau da dama nakan koma mota ina ƙunƙuni. Tumatirin da za a markaɗa a zuba a tukunya, ina ruwan wani da ɗan tabon da ke jikinsa?

Ni mutumin Kura ne ta jihar Kano. Da dako na fara a kasuwar Mile 12, kwando a ka, tun ban iya gaisuwa da Yarbanci ba. Yanzu Alhamdu lillahi ina da rumfa, da motoci ƙanana biyu, da yara biyar. Muna kai tumatir, albasa, tattasai, attaruhu, latas da karas ga otal-otal da gidajen abinci a Ikoyi, Victoria Island da Lekki. Aikin dare ne. Manyan motoci na shigowa daga Kano, Zariya, Danja da Jos bayan sun kwana biyu ko fiye a hanya, ga zafi, ga shingayen karɓar na goro. Kwandunan kaba ne aka jera wani kan wani, na ƙasa shi ke shan wuya. Idan na saya a hannun dillali sai mu zazzage a kan tabarma mu tsince kashi uku. Mai kyau na otal, matsakaici na mata masu tireda, sai wanda ya fashe, wanda Yarbawa ke kira esha, na masu tuwo-tuwo. Ribar sana'ar tana cikin tsintar nan, ba a ciniki take ba. Kuma dole mota ta hau gadar Third Mainland kafin shida, in ba haka ba cunkoso zai dafa kayan tun kafin su ga tukunya.

Abin da ke karya ƙananan 'yan kasuwa irina shi ne biya. A kasuwa kuɗi hannu ne, su kuwa manyan gidajen nan sai ƙarshen wata, wani ma sai ka bi shi da waya kamar kai ne ka ci bashin. Ga alƙawari. A 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin Kano da Kaduna, kwando ya ninka kuɗinsa sau da yawa, ni kuwa na riga na sa hannu a kan farashin wata uku. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Haka na dinga kai kaya ina faɗuwa. A farkon 2021 kuma, da aka tsayar da motocin abinci daga Arewa bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, kwanaki na yi ina yawon ƙauyukan Ogun ina tsintar abin da zan rufa wa kaina asiri da shi. Wannan ne ya sa kukun, wani dattijon Bature mutumin kudancin Italiya, ya riƙe ni har yau.

Ya daɗe yana cewa in zo in ci abinci, ina ce masa sai wata rana. Wani abokina mai canji ne ya matsa. Ya ce, “Haba Alhaji, shekara takwas kana ciyar da gida, ba ka san ɗanɗanon girkinsa ba?” Muka sa ranar wata Asabar, ni da shi, da aminina tsohon direban tirela, da ƙanina da ke riƙe mini lissafi. Muka yi Magariba a Obalende, muka sha manyan kaya muka nufi can. Maigadin da kullum ke ce mini “Aboki, zagaya baya” shi ya buɗe mini ƙofa da hannu biyu. Sai da ya ƙara duba fuskata sannan ya tuntsire da dariya.

Muna zama na roƙi yaron da ke hidima ya kwashe kofunan giya daga teburin. Takardar abincin kuwa ko kalma ɗaya ba mu gane ba, sai da kukun ya fito da kansa. Na ce masa mu Musulmi ne, ya faɗa mana gaskiya. Bai ɓoye komai ba. Ya ce taliyar da ake kira carbonara da naman alade ake yinta, haka siraran yankan naman nan prosciutto. Shinkafarsu risotto akan ɗan zuba mata giya wajen dahuwa, tiramisu ma wasu na sakawa. Duk muka tsallake su. Ya zaɓa mana gasasshen burodi da yankakken tumatir a kai, da wani faranti na tumatir da farin cuku da ganye, da fiza, da taliya mai suna arrabbiata, wai ma'anarta mai fushi saboda barkono, sai gasasshen kifi.

Su ba a haɗe suke kawo abinci ba, bi da bi ne, ga faranti faffaɗa ga abin cikinsa ɗan mitsitsi. Direba ya kalli nasa ya ce, “Alhaji, wannan ɗanɗano ne ko shi ke nan?” Da taliya ta zo ya tauna ya ce wallahi ba ta dahu ba, a mayar. Aka yi masa bayani cewa haka suke so, da ɗan sauran ƙarfinta, su ce al dente. Bai gamsu ba. Fushin taliyar ma bai kai masa ko'ina ba, sai ga shi ya zaro ƙullin yaji daga aljihun babbar riga ya barbaɗa. Ƙanina ya sunkuyar da kai don kunya, amma daga baya shi ma ya miƙa hannu.

Ni hankalina na kan miyar. Ja ce wur, mai kauri, ba tsami. Na ce wa abokaina da alfahari, “Kun ga tumatirin Kura ko?” Kukun ya girgiza kai. Ya aika aka kawo gwangwani. Ashe miyar fiza da ta taliya duk da tumatirin gwangwani ake yinsu, wani iri da ake kira San Marzano, da ake nomawa kusa da birnin Nafoli, a ƙasar da tokar dutsen Besubiyas mai aman wuta ta yi wa taki. Dogo ne, mai tsoka, ruwansa da 'ya'yansa kaɗan, kuma sai ya nuna sarai a jikin uwarsa ake tsinka a rufe a gwangwani. Mai canji ya yi ta dariya har da buga tebur. Na ce to nawa ina yake zuwa? Ya nuna farantin nan na tumatir da cuku. Shi ne wanda aka yanka ɗanye aka jera da cuku, aka ɗiga man zaitun da gishiri, aka ɗora ganyen basil, ɗan'uwan ɗoɗɗoyarmu.

Na daɗe ina kallon farantin nan. Ba albasa, ba magi, ba daddawa, ba abin da zai rufa wa tumatir asiri. Ɗan tabon da nake cewa ina ruwan wani da shi, ga shi nan a gaban mai ci, ƙarƙashin fitila. Na ɗauki yanka ɗaya na ci, kuma gaskiya ɗaya ce, lami ne. Kyan gani akwai, zaƙi babu. Na san dalili, domin ni ɗan manomi ne. Mu tumatirin da zai je Legas tun yana ɗan fari-fari muke cire shi don ya jure hanya, sai ya yi ja a cikin kwando. Ja ya samu, amma daɗin da rana ke sakawa a gona bai samu ba. Kukun ya ƙara da cewa firij ma na kashe masa ƙamshi, shi ya sa yake faɗa idan yarana suka kwanar da kaya a sanyi. Shekara takwas yana faɗa mini wannan da Turancinsa mai wuyar ji, ni kuma ina ɗauka iyayi ne irin na Turawa. Abin dariya, irin da muke kai masa ɗin, Roma manoma suke ce masa, sunan babban birnin Italiya.

Da takardar kuɗi ta zo, ƙanina ya bi ta layi-layi kamar yadda ya saba. Harajin tarayya kashi 7.5, na jihar Legas kashi 5, ga kuɗin hidima. Farantin tumatirin nan kaɗai, da bai wuce guda biyu aka yanka ba, ya kusa kuɗin ƙaramin kwando a Kadawa, can wajenmu Kano, lokacin araha. Direba ya ce a kira hukuma. Ban ce komai ba, don na ga janareton da ke ruri a baya, na san kuɗin dizal, kuma cukun nan da man zaitun da kuɗin waje ake shigo da su. Kukun ya so ya yafe, na ƙi. Mai canji ya zaro katinsa, na riƙe masa hannu.

A daren na kira yayana a Kura. Na ce, “Yaya, a ware mini kunya goma, kar a taɓa su sai sun ƙara kwana uku a kan na kowa.” Na sayi akwatunan roba masu huji, ba a cika su, kuma a saman kaya ake ɗora su, ina biyan direba ƙari. Ana asara, wani zuwan kashi ɗaya cikin huɗu na lalacewa kafin Ibadan. Da damina, idan noman rani ya ƙare, sai in koma Jos da gonakin rumfar leda na bayan garin Legas. Amma na ƙara farashi kuma ba wanda ya yi gardama, har wasu gidaje biyu a Lekki suka nemo ni.

Zuwan farko na sabon kayan ni na kai da kaina, ta ƙofar baya. Kukun ya yanka ɗaya, ya barbaɗa gishiri, ya ci, ya miƙo mini rabi. Sannan ya sunkuya ya tsince guda bakwai daga akwatin ya ce a mayar.