Kafin mu sayi famfon zafi, sai da muka rage wa tukunya wuta

A duk jami'ar da nake aiki babu inda ya kai ɗakin tukunyar da ke ƙarƙashin laburare ɗumi. Idan hunturu ya kankama, ba ka rasa ma'aikaci ɗaya ko biyu da suka ƙirƙiro dalilin sauka can. Tukwane biyu ne masu aiki da gas, sun girmi yawancin ɗaliban da ke karatu a samansu. Suna dafa ruwa har digiri 80, a tura shi cikin bututu zuwa ƙarafunan ɗumama ɗaki, waɗanda nake kira lagireto saboda aikinsu ɗaya da na mota. A ƙasar sanyi, ɗumama gine-gine ne ke cin kaso mai tsoka na hayaƙin da jami'a ke fitarwa a harabarta. Da hukumar makaranta ta yanke shawarar rabuwa da gas, sai tsara aikin ya faɗo kan ofishinmu.

Abin da za a kawo a madadin tukwanen shi ne famfon zafi. Duk wanda ya taɓa ɗora hannu a bayan firji ya ji ɗumi ya riga ya san shi. Firji yana kwashe zafi daga cikinsa ya zubar a waje, shi kuwa wannan yana kwaso zafi daga iskar waje, ko ƙarƙashin ƙasa, ko ruwan kogi, ya shigo da shi cikin gini. Ba ya ƙona komai, kwamfiresa ce kawai ke shan lantarki. Shi ya sa yunit ɗaya na wuta kan ba da kamar yunit uku na zafi, wani lokaci huɗu. Dabarar ma ba ta jiya ba ce: tun 1938 aka sa wa zauren majalisar birnin Zurich a Suwizalan irinsa, yana jan zafi daga kogin Limmat.

Tsarina na farko, in faɗi gaskiya, kwafa ce. Na sauka na karanta ƙarfin da aka rubuta a jikin tukwanen, na nemi famfo mai ƙarfi daidai da haka. Dattijon da ya shekara da shekaru yana kula da ɗakin ya leƙa takardar, ya ce, "Injiniya, ka taɓa ganin biyun nan suna ci a tare?" Na ce a'a. Ya ce shi ma bai taɓa gani ba. Ashe ta biyun ta ko-ta-kwana ce, ta farkon ma an sayo ta da girma fiye da buƙata, kuma bayan haka an sake tagogi da rufi. Da mun bi lissafina, da mun sayi kayan da suka ninka abin da ginin ke so, muka kuma jawo wa kanmu sabon taransifoma ba gaira ba dalili. Muka koma muka ɗaura mitocin auna zafi, muka jira sanyi ya zo ya wuce.

Inda gizo ke saƙar shi ne zafin ruwan. Famfo yana wahala gwargwadon tazarar da ke tsakanin inda yake ɗebo zafi da inda yake kai shi. Ka ce ya ɗauko daga iska mai digiri 5 ya kai ruwa digiri 45, wasa ne a wurinsa. Ka ce sai 80, zai yi, akwai waɗanda aka ƙera don haka, amma ribar nan ta uku kan ɗaya za ta zube ƙasa. Lagiretocin laburaren kuwa don ruwan 80 aka auna girmansu.

Don haka muka yi gwajin da bai ci mana ko ƙusa ba. A tsakiyar hunturu muka riƙa rage wa tsohuwar tukunya wuta kaɗan-kaɗan, mako bayan mako, 75, 70, 65, ba tare da mun sanar da kowa ba sai shugabar laburaren. Muka baza ƙananan ma'aunai a ɗakuna, muka kasa kunne. Har muka sauko 60 shiru kake ji. A 55 ne ƙorafi ya fara, kuma daga wuri biyu tak: zauren karatu na bene na sama mai manyan gilasai, da wani ofis a kusurwar arewa inda na tarar da wata baiwar Allah tana buga rubutu da safar hannu. Na ba ta haƙuri, na gaya mata abin da muke yi, ta harare ni, kuma tana da gaskiya. Amma daga ranar muka san cewa ɗakuna biyu ne ke buƙatar manyan lagireto da toshe ƙofofin iska, sauran ginin a bar shi yadda yake.

Ruwan wanka a ɗakunan kwanan ɗalibai lissafinsa daban. Ana ajiye shi a kan digiri 60 saboda wata ƙwayar cuta mai suna Legionella da ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi-ɗumi, wannan kam ba a ciniki.

Akwai kuma tambayar da masu tallar kaya ba sa son a yi: daga ina lantarkin yake zuwa? Ƙona gas na fitar da kusan giram 200 na iskar kabon a kan kowane yunit na zafi. Lantarkin da aka samar da kwal yana kaiwa wajen kilo ɗaya a yunit. Raba shi uku, har yanzu ya fi gas ɓarna. Inda wutar ta fi fitowa daga iska da rana da ruwa ne famfon ke rage hayaƙi sosai. Gas ɗin da ke zagaye cikin na'urar ma abin dubawa ne. Wanda ake kira R410A, idan ya tsiyaye, ya fi iskar kabon ɗumama duniya sau kusan 2,000, alhali furofen da amoniya, waɗanda ake iya sawa a madadinsa, illarsu ta wannan fuskar ba ta taka kara ta karya ba.

Na yi ta nazarin waɗanda suka riga mu. Jami'ar Ball State a jihar Indiyana ta Amurka ta haƙa rijiyoyin burtsatse sama da 3,000 don famfunan zafi su riƙa ɗebo zafi daga ƙarƙashin ƙasa, ta kashe tukwanen kwal ɗinta a 2014. Wanda ya fi burge ni shi ne na Stanford. Sun lura cewa a lokaci guda suna ƙona gas don ɗumama wasu gine-gine, suna kuma zubar da zafin da suka kwaso daga wasu. A 2015 suka bar ɗumama gine-gine da tururi suka koma ruwan zafi, suka riƙa mayar da zafin da a da ake watsarwa. Mu ma ɗakin manyan kwamfutocinmu dare da rana fitar da zafi yake ta bango, taku kaɗan daga laburare. Shekaru ina wucewa ta gefen fankokin nan ban taɓa kawo komai a raina ba.

Saura matsalar lokaci. Ba a fasa bango ana jarrabawa, kuma ɗakunan gwaje-gwaje ba sa hutu. Dogon hutun bazara kaɗai gare mu, don haka a bana lagiretocin ɗakunan nan biyu da bututun da zai haɗa ɗakin kwamfutoci da laburare za a yi, famfon sai baɗi. Tukunya ɗaya za mu bari don ranakun da sanyi ya yi tsanani. Na tambayi dattijon wacce za a bari, ya nuna ta hagu, ya ce ita ce ba ta taɓa ba shi kunya ba.